Waiwaye: Sawun ƙwallo a kan yashi

A shekarar 1981 wani Baturen Ingila mai suna Peter Tupling ya zo Legas ya yi abin da har yau masu bin wasan golf ba su daina ambato ba. A gasar Najeriya ta wannan shekara, a filin Ikoyi, ya zagaye ramuka 72 cikin kwana 4 da bugu 255: 63, 66, 62, 64. A wannan wasa mai ƙarancin bugu shi ke da nasara, kuma abin da aka ƙiyasta wa gwani a filin 284 ne, wato ya rage 29 ke nan. A gasannin ƙwararru na Amurka, duk da kuɗinsu da ciyawarsu, ba a ga adadin da ya yi ƙasa da wannan ba sai a 2003. Tupling kuwa ba wani shahararre ba ne, bai taɓa cin ko ɗaya daga manyan gasanni huɗu na duniya ba. Shi ya sa duk inda aka kawo labarin sai an haɗa da cewa ai a kan yashi ya yi.

Gaskiya ne, a kan yashi ya yi. A wancan zamani filayen golf na wannan yanki namu, daga Ikoyi zuwa Kaduna, Zariya da Kano, ba su da koriyar shimfiɗar nan da ake gani a talabijin kewaye da rami. Abin da ke wurin da'ira ce ta tankaɗaɗɗen yashi, an cuɗa shi da baƙin man mota an daɓe, ƴan wasa na ce mata birawun. A kanta Sandy Lyle ya ɗauki kofinsa na farko na ƙwararru a 1978, kafin ya je ya ci gasar Birtaniya a 1985 da ta Masters a 1988. Vijay Singh ma ya ci gasar ta Najeriya sau biyu a jere, 1988 da 1989, tun duniya ba ta san shi ba. A Nijar kuwa, filin Rio Bravo da ke bakin kogi a wajen Yamai ya ma fi haka: babu ciyawa ko a hanya, ɗan wasa da guntun tabarmar roba yake yawo, duk inda ƙwallo ta tsaya ya shimfiɗa ya ɗora ta ya buga.

Ni mutumin Tarka ne, ƙasar Belbeji, wadda aka cire daga Tanut ta zama gunduma a 2011. A duk faɗin Damargu babu filin golf, kuma ban ga dalilin da zai sa a ji kunyar haka ba. Abin da ya haɗa ni da wasan shi ne abin da ya haɗa dubban samarinmu da Kano, wato ci-rani. Bayan yunwar 1984, wadda mutanenmu suka raɗa wa suna El-Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, da aka buɗe iyaka a 1986 sai samari suka kwarara kudu. Wasu ga-ruwa, wasu gadi, wasu teburin shayi. Ni rabona ya faɗa a ɗaukar jakar ƴan wasa a filin golf na Kano, kulob ɗin da ke lissafa shekarunsa tun daga 1908. Kadi ake ce mana.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ƙwallon ƴar ƙarama ce fara, faɗinta santimita 4 da ɗan ɗoriya, nauyinta bai kai giram 46 ba. Ramuka 18 ne a fili, wani nisansa mita 150, wani ya haura 500. Doka ta yarje wa ɗan wasa sanduna 14. Duk sauran na tayar da ƙwallo sama ne, ɗaya ce tak, fota, aikinta ta mirgina ƙwallo a ƙasa har ta faɗa rami mai faɗin santimita 10.8, awon da aka tsayar tun 1891. Amma wannan sanda ɗaya ita ke yin kusan bugu 4 cikin kowane 10 na zagaye. A takardar lissafi kuma, bugun da ya tafi mita 250 da wanda ya tafi taƙi guda, ɗaya-ɗaya ake rubuta musu.

Aikin kadi a birawun ya wuce riƙe jaka. Idan ƙwallo ta sauka kan yashin, sai a sa alama a ɗauke ta, a ɗauko majanyi, wani dogon ƙarfe mai kai a gicciye, wani lokaci da guntun buhu ɗaure a jikinsa, a ja daga bakin rami zuwa inda ƙwallon take, a share mata hanya sumul. Cikin ramin akwai gwangwani da ake zarowa a zubar da yashin da ya gangara. Sai a mayar da ƙwallo gurbinta, kowa ya ja da baya ya yi tsit. To ƙwallon da aka tura a kan shararren yashi tana barin sawu. Siriri ne ƙwarai, amma da hantsi ko da la'asar, in rana ta karkata, ana ganinsa sarai tun daga inda ta tashi har inda ta tsaya. A kan ciyawa in ƙwallo ta wuce ta wuce ke nan, mai bugu ya ga dama ya ɗora wa iska laifi, ko sanda, ko yaron da ya yi tari. A kan yashi shaida tana nan kwance, sai an sake jan majanyi take gogewa.

Shugabanmu wani dattijo ne da ya fara ɗaukar jaka tun Turawan mulki suna nan, Baba kawai muke ce masa. Wata safiya bayan ƴan wasa sun wuce rami na gaba, ina shirin sharewa, ya dafa majanyin ya ce, "Dakata, ɗan Damargu. Ba ku ne masu bin sawun raƙumi ba? Zo ka karanta mini wannan." Na ce, "Baba, ai ƙwallo ce, ba ta da ƙafa." Ya ce, "Ita ba ta da ƙafa, amma wanda ya aiko ta yana da hannu." Ya san abin da yake faɗa. A wajenmu makiyayi yakan dubi sawu ya gaya maka raƙumin da kaya yake ko wayam, tafiya yake ko gudu, da ƙafar da yake ɗingisawa. Baba haka yake karanta ƴan wasa. Ko bai ga bugun ba, in ya zo ya tsuguna a kan layin, zai faɗa maka ko na likita ne ko na manajan banki.

Farkon sawu shi ke tona asirin hannu. Fuskar fota ba a tsaye cak take ba, tana da ɗan jingina baya na digiri 3 ko 4 don ta ɗaga ƙwallo kaɗan daga gurbin da ta zauna. Saboda haka bugu mai kyau yakan fara da ɗan jan ciki, ƙwallon ta zame kaɗan, sannan ta kama mirgina, layi ɗaya ba yankewa. In ka ga sawu ya ɓace ya dawo, ya ɓace ya dawo, to tsalle ta yi: ko mai bugun ya sare ta daga sama, ko ya karya wuyan hannu ya kwashe ta daga ƙasa. Ƙwallon da ta fara da tsalle kuwa ba ta san nisan da aka aike ta ba. Maganin Baba kullum ɗaya ne, wuyan hannu ya zauna lafiya, kafaɗu su yi lilo, riƙon sanda kada ya yi tsanani har jijiya ta fito.

Sai inda layin ya dosa tun daga taƙin farko. Mutum zai rantse maka ya saita rami, ga sawu kuma ya tashi ta hagu tun daga tushe. Fuskar sandar ce ke kallon hagu a daidai lokacin da ta taɓa ƙwallo. Dave Pelz, Ba'amurken da ya bar aikin kimiyya a hukumar NASA ya ƙarar da rayuwarsa a binciken wannan bugu, ya auna ya ce kusan kashi 83 cikin 100 na inda ƙwallo za ta dosa fuskar sanda ce ke yankewa, hanyar da sandar ta biyo kuwa ɗan abin da ya rage. Lissafin ma ba wuya. Kuskuren digiri 1 tak, abin da ido ba ya gani, a nisan mita 3 yana kauce wa tsakiya da santimita 5 da ɗoriya, kuma daga tsakiyar rami zuwa bakinsa santimita 5.4 ne. Ka ga saura ƙiris ke nan.

Amma inda Baba ya fi daɗewa a tsugune shi ne ƙarshen sawu, kuma a nan na fi yarda da shi har gobe. Yawancin masu koyo hankalinsu yana kan saiti, hagu ko dama, alhali abin da ke cinye musu bugu shi ne awon ƙarfi. Wanda ya kauce wa rami da taƙi ɗaya amma ƙarfinsa daidai, bugu ɗaya ya rage masa, mai sauƙi. Wanda ya saita daidai amma ya gaza da taku biyu, ko ya zarce da uku, ya sayo wa kansa sabon aiki, kuma daga nan ake yin bugu uku a rami guda. Ƙarfi kuma shi ke yanke faɗin ramin. Ƙwallon da ta iso a gajiye tana iya faɗawa ta gaba, ta gefe, wani lokaci har ta kewaya ta shiga ta baya. Wadda ta iso a guje sai ta daki tsakiya daidai, in ba haka ba ta lashi baki ta fice. Pelz ya ce ƙarfin da ya fi dacewa shi ne wanda in an kuskure, ƙwallon za ta wuce rami da inci 17, kimanin santimita 43. Wasu masana sun ce ƙasa da haka ya fi, musamman a ciyawa mai santsi. Duk dai sun haɗu a kan cewa ta wuce, amma kaɗan.

Yashi kuwa ba ya ragawa matsoraci. Birawun da aka zuba wa mai jiya nauyi gare shi, wanda hunturu ya busar ya lulluɓe da ƙura gudunsa daban, kuma kadin kirki yakan gane haka tun daga yadda majanyi ke jan hannunsa. In ɗan wasa ya buga a tsorace ƙwallo ta tsaya a rabin hanya, mukan yi raɗa a tsakaninmu mu ce yau tana azumi. Abin da gwanaye suke yi, wanda sai da na daɗe ina kallo na lura, ba sa ƙara zafin hannu don nisa ya ƙaru. Saurin lilon ɗaya ne, tsawonsa ke canzawa: na kusa sandar ta ja baya kaɗan, na nesa ta ja da yawa, ta kuma wuce gaba gwargwadon yadda ta ja. Masu koyo kuwa sukan ja sanda can baya, tsoro ya kama su a hanya, su taka burki daidai kan ƙwallo. Wasu su ja kaɗan su fizga. Duka biyun sawunsu ba ya ɓuya.

Da yamma in manya sun shiga kulob shan abin sanyi, filin namu ne. Tsohuwar fota ɗaya gare mu, an naɗe mariƙinta da robar tayar keke. Wasan da Baba ya fi sa mu ba shi da rami sam. Ya ja layi da yatsa a can ƙarshen birawun, kowa ya buga, wanda ya fi kusa da layi bai tsallake ba shi ya ci, na ƙarshe ya sayi shayi. In babu rami ido ba shi da abin kwaɗayi, hannu sai ya koyi awo. Wani lokaci ya ce ka buga ka rufe ido, kafin ka buɗe ka faɗa, ta gaza ko ta zarce, da taku nawa. Ran farko kowa shirme yake faɗa. Bayan ƴan makonni sai ka ji nisan a tafin hannunka tun ƙwallo ba ta tsaya ba. Na uku shi ne na mugunta: a jera ƙwallaye kewaye da rami, taku ɗaya-ɗaya, sai ka zuba su duka a jere, in ka kuskure ta ƙarshe ka koma farko. Wannan ba hannu yake horarwa ba, zuciya yake gasawa. Daga irin wannan yammaci yawancin ƙwararrun Najeriya suka fito, don akasarinsu da ɗaukar jaka suka fara. Kuma a 1988 ɗan Najeriya, Peter Akakasiaka, ya shiga gasar Birtaniya a Royal Lytham ya buga zagaye huɗun duka.

Da na girma na samu karatu, sai na ga alƙaluma sun goyi bayan tsarin tsohon. Mark Broadie, malami a jami'ar Columbia ta New York, ya tattara miliyoyin bugu na ƙwararrun Amurka ya fitar da sakamako a littafinsa na 2014. Daga santimita 90, gwanayen duniya suna zuba 96 cikin 100. Daga mita 1.5, 77. Daga mita 2.4 rabi suke ci rabi su kuskure. Daga mita 3, 40 cikin 100, daga mita 6 kuwa 15 kacal. A wajen mita 10, bugu biyu shi ne gwargwadonsu. Mai wasan nishaɗi da ke gama zagaye da bugu 90, shi tun daga mita 1.5 yake raba rabi. Duk wanda ya dubi wannan zai ga inda ya kamata ya kashe lokacinsa: daga taku ɗaya zuwa biyu, inda saiti ke aiki kuma horo ke biya, sai daga taku takwas zuwa sama, inda abin nema shi ne a ajiye ta kusa. Tsakanin nan kuwa, mita 4 zuwa 6, inda na ga mutane sun fi son tsayawa suna ta bugu suna tsaki, ko gwanin gwanaye mafi yawa kuskurewa yake. Mutumin da ya ɓata ransa don ya kuskure daga mita 5 yana neman abin da Tiger Woods ma bai samu ba.

Sauran magana ta zuciya ce, don aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. A 1970 a St Andrews, Doug Sanders yana buƙatar bugun da bai kai mita ɗaya ba a ramin ƙarshe ya ci gasar Birtaniya. Ya tsaya, ya saita, sai ya hango wani ɗan abu a kan hanya, ya sunkuya ya ɗauke, maimakon ya ja da baya ya sake shiri sai ya koma ya buga a haka. Ta bi ta dama. Washegari Jack Nicklaus ya doke shi da bugu ɗaya a wasan raba gardama, kuma har ya bar duniya bai ci babbar gasa ba. A 2024 a Pinehurst, Rory McIlroy ya kuskure na santimita 76 a rami na 16, ya sake kuskure na mita ɗaya da ɗoriya a na 18, Bryson DeChambeau ya ɗauke kofin Amurka da bugu ɗaya. Waɗannan ba hannu suka rasa ba. Joan Vickers ta jami'ar Calgary a Kanada ta fara auna idon masu wannan bugu tun 1992, ta ga gwanaye suna kafe ido wuri ɗaya a kan ƙwallo na daƙiƙa 2 zuwa 3 kafin su buga, su bar shi a nan har bayan ta tashi, marasa gwaninta kuwa idonsu yawo yake tsakanin sanda, ƙwallo da rami. Wasu masana tattalin arziki biyu, Devin Pope da Maurice Schweitzer, sun duba bugu miliyan 2.5 a 2011, suka ga ƙwararru sun fi zubawa in bugun na tsira daga asara ne a kan in na neman riba ne, ko da nisan ɗaya ne, kuma a na ribar sukan bar ta a gajarce. Abin da ke raba mutum da wannan fargaba shi ne tsari guda da ba ya canzawa: duba hanya, gwada lilo, kalli rami, dawo da ido, buga, kuma kada kai ya ɗago sai kunne ya ji ƙarar gwangwani. In wani abu ya katse ka, ja da baya ka faro daga farko. McIlroy ɗin ma a Afrilun 2025 ya sake kuskure gajere a ramin ƙarshe na Masters, ya dawo a raba gardama da Justin Rose ya zuba irinsa ya ci.

Akwai wani Alhaji da na daɗe ina ɗaukar wa jaka, mutumin kirki, hannunsa a sake. Duk tafiyar da ya yi waje da sabuwar fota yake dawowa. Ya zare ta daga leda ya ce, "Yaro, wannan karon an gama, dubi kanta." In ce, "Allah ya sa albarka, Yallaɓai." Sati biyu tana ci, don sabon abu yana sa mutum ya natsu, daga nan sawun ya koma inda yake, tsalle a farko, hagu a tsakiya, azumi a ƙarshe. Ba hurumin kadi ba ne ya ce wa mai gida hannunka ne. Yau fota mai suna tana haura dalar Amurka 400, ga na'urori masu kyamara da ke auna fuskar sanda, kuma abin da suke gaya wa mutum bai wuce abin da majanyi da hasken la'asar suke nunawa kyauta ba. Tiger Woods manyan kofuna 15 ya ci, 14 daga ciki da fota ɗaya, ƙirar Scotty Cameron da ya fara riƙewa a 1999. Horon da aka fi saninsa da shi kuwa tsinke biyu ne, a kafa su dama da hagun kan sanda kamar ƙofa, ya yi ta zuba na kusa ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba.

Ba zan yi wa yashi ƙarya ba, akwai abin da bai koya mana ba, kuma babba ne. Birawun a shimfiɗe yake, kusan kowane bugu miƙaƙƙe ne, shi ya sa Tupling da ire-irensa suka yi ta zubawa. Ciyawa kuwa tana da gangare, tana da kwanciyar ganye, tana da santsi. Tun 1935 Edward Stimpson ya ƙera wani ɗan kwararo da ake gangaro da ƙwallo a auna gudun ciyawa, hukumar golf ta Amurka ta rarraba shi a 1978, kuma a manyan gasanni ƙwallon da aka saki daga kansa takan yi tafiyar ƙafa 12 ko fiye. Da aka buɗe filin IBB a Abuja a 1991 da ciyawa ta gaske, ƴan wasan da suka tashi a kan yashi sun sha mamaki: bugun da zai kai rami a gida, a can sai ya wuce ya bar da'irar. Karkata kuma kusan kowa raina ta yake, ƙwallo ta riƙa faɗuwa ta ƙasan rami, inda ba ta da hanyar dawowa. Dabarar da ake yayi yanzu, wadda Adam Scott yana cikin waɗanda suka fito da ita fili, ita ce mutum ya tsaya a kan hanyar ƙwallo ya ji da tafin ƙafa wace ƙafa ta fi ɗaukar nauyi, don ido yana ruɗuwa da tudun da ke kewaye. Wannan sai an je an taka ciyawar. Amma wanda ya zo da bugu mai tsabta da hannu mai awo, karatun gangare ne kaɗai ya rage masa. Wanda ya zo ba su, ko ya karanta daidai ba shi da abin aikawa.

Broadie ɗin nan kuma ya rage wa masu fota girman kai. Ya nuna cewa fifikon manyan gwanaye a kan sauran ƙwararru, kusan kashi 15 cikin 100 ne kawai ke zuwa daga wannan bugu, mafi yawa daga bugun nesa yake, musamman wanda ake aunawa zuwa da'irar rami. Na yarda da shi a kan gwanaye. Amma mai koyo ba da su yake takara ba. Kafin ya iya aika ƙwallo mita 200 a miƙe sai ya yi shekaru, da malami, da fili, da kuɗi. Daina bugu uku a rami guda kuwa aikin wata biyu ne a tsakar gida.

Shi ya sa nake ganin wannan yanki na wasan, shi kaɗai, bai fi ƙarfin Tarka ba. Filin ciyawa kam kada ma a kawo zancensa. Ƙasar da mata da jakuna ke wuni a bakin rijiya mai zurfin gaba da gaba, wanda ya ce zai shayar da ciyawar wasa ya nemi a duba shi. Amma da'ira mai faɗin taku goma sha biyu a gefen filin makaranta ba ta cin komai. Iyayenmu mata sun fi kowa iya daɓe, a daɓe ƙasan da laka, a watsa tankaɗaɗɗen yashi sama-sama. Babban gwangwanin tumatir faɗinsa ya yi kusa da na ramin doka, ɗan ƙanƙantar da ya yi ma riba ce. Maƙerin kasuwar Belbeji zai iya haɗa fota da guntun ƙarfe mai lafiyayyar fuska da sandar rodi. Tsofaffin ƙwallaye kuwa a bakin kowane filin golf yara na sayar da su da araha, ɗan ci-rani ɗaya zai cika aljihu ya kawo. Hannun ma akwai shi: masu jefa ƙwallon ƙarfe na fetanki a Damagaram, Maraɗi da Yamai awon nisa a kan ƙasa suke yi kullum. Ban ce za mu fitar da zakaran duniya ba, ko da yake golf ya koma wasannin Olamfik a Rio a 2016, inda Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya samo wa Nijar azurfa a takwando, wasan da shi ma ba a gadonmu yake ba. Abin da na sani shi ne yaro zai koyi tsayawa wuri ɗaya, ya auna, ya yi, sannan ya dubi abin da ya yi ba tare da ya nemi wanda zai ɗora wa ba.

Malaman makarantun Belbeji da Tanut, in ɗayanku ya gwada, ya sa a share hanya kafin kowane bugu, kuma kada yaro ya ɗauki ƙwallonsa sai ya tsuguna ya faɗi abin da ya gani. Baƙin mai kuwa kada a zuba ko cokali ɗaya. Damina za ta wanke shi zuwa tafkin da dabbobinmu ke sha, ɗan yayyafin ruwa da safe ya isa ya kwantar da yashin.